Kwamfuta a asibiti: Me ya sa sakamakon binciken masana yake karo da juna?

A ƙarshen shekarar 2016 mujallar likitocin Amurka mai suna JAMA ta buga wani bincike da ya karaɗe kafafen yaɗa labarai. Masanan kamfanin Google sun horar da wata manhaja da hotunan cikin ido guda 128,175, har ta iya gano illar da ciwon sukari ke yi wa ido, ta yi kunnen doki da ƙwararrun likitoci. Bayan shekara huɗu, masu binciken wannan kamfani dai suka fitar da wani rahoto daga ƙananan asibitoci 11 a ƙasar Tailan, inda aka sa manhajar aiki. A can ta ƙi karɓar kashi 21 cikin 100 na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, ta ce ba su fito sosai ba. Dalili kuwa, an horar da ita da hotuna masu kyau, su kuma waɗannan asibitoci da yawansu ba su da ɗakin da za a iya duhuntawa don ƙwayar ido ta buɗe. Ga intanet ɗin ma tafiyar hawainiya yake yi, sai layin marasa lafiya ya ƙara tsawo.

Rahotannin biyu duk gaskiya ne, kuma a kan manhajar kamfani ɗaya aka yi su. Irin wannan ne ke ruɗa mai karatu: yau a ji kwamfuta ta fi likita, gobe a ji ta kasa. Saɓanin yakan samo asali ne daga irin tambayar da kowane bincike ya yi, da wurin da aka yi shi, da kuma wanda ya biya kuɗinsa.

## Abubuwan da ake magana a kansu

Fasahar sadarwa a harkar lafiya tarin abubuwa ne da aka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai kundin majinyaci na kwamfuta, wanda ke maye gurbin fayil da katin asibiti. Akwai manhajar rubuta magani da umarnin gwaji, wadda kan yi wa likita gargaɗi idan ya haɗa magunguna biyu da ba sa jituwa, ko ya wuce adadin da ya dace da nauyin yaro. Akwai ganin likita daga nesa ta waya ko bidiyo, da saƙonnin tes da ake tura wa masu juna biyu ko masu shan magani na dogon lokaci, da rumbunan tattara alƙaluman lafiya na ƙasa baki ɗaya. Na baya-bayan nan shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ba a rubuta mata dokokin aiki ɗaya bayan ɗaya ba, sai dai a ba ta dubban misalai ta koya da kanta.

Bincike a kan kowanne daga cikin waɗannan yakan amsa ɗaya daga cikin tambayoyi uku, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ta farko: shin manhajar tana faɗin daidai idan aka gwada ta da tsofaffin bayanai a cikin kwamfuta? Ta biyu: idan aka kai ta asibiti, likitoci da nas-nas suna amfani da ita, kuma tana canja abin da suke yi? Ta uku: marasa lafiya sun fi samun sauƙi, ko mace-mace sun ragu? Amsa tambaya ta farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, ɗalibin digiri na uku da kwamfuta mai ƙarfi zai iya. Ta uku tana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma hanya mafi inganci ta amsa ta ita ce gwajin ƙuri'a, inda ake raba mutane ko asibitoci gida biyu ba tare da zaɓe ba, a bai wa wasu sabon abu, wasu su ci gaba da yadda aka saba, sannan a kwatanta. Mafi yawan kanun labaran da ke cewa kwamfuta ta doke likita daga amsar tambaya ta farko suke fitowa.

## Daga Boston zuwa Pittsburgh

Ɗokin shigar da kwamfuta asibiti ya yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1990. A 1998 David Bates da abokan aikinsa a asibitin Brigham and Women's da ke birnin Boston na Amurka suka nuna cewa rubuta magani ta kwamfuta ya rage manyan kurakuran magani da ba a tare su ba da kashi 55 cikin 100. A 1999 kuma wani rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Ga cuta ga magani, kamar yadda aka ɗauka a lokacin.

Sai ga binciken da ya girgiza fagen a 2005, daga asibitin yara na Pittsburgh, shi ma a Amurka. A watan Oktoban 2002 asibitin ya kafa wata manhajar rubuta umarnin likita da ya saya daga kamfani, aka gama sauyin cikin kwana shida. Masu binciken suka duba yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci cikin mawuyacin hali. Kafin zuwan manhajar kashi 2.8 cikin 100 ne ke mutuwa, bayan zuwanta adadin ya koma kashi 6.57.

Bayanin da suka yi na yadda aiki ya canja a ɗakin kulawa ta musamman shi ne ya fi alƙaluman amfani. A da, tun yaro yana cikin motar ɗaukar marasa lafiya likita yake rubuta magungunan da za a buƙata, kafin a iso an haɗa komai. Sabon tsarin ya hana rubuta umarni sai yaron ya iso an yi masa rajista a kwamfuta. Magungunan gaggawa da a da suke nan kusa da ɗakin, an kwashe su an mayar babban ɗakin magani. Umarnin da likita kan rubuta da biro cikin daƙiƙoƙi, yanzu yana cin minti ɗaya zuwa biyu na danne-danne. Abin da ya biyo baya shi ne, a lokacin da ake ƙoƙarin ceto ran yaro, likita ɗaya na zaune gaban kwamfuta, nas ma ta bar bakin gado ta koma nata allon, magana baki da baki tsakaninsu ta ragu.

An soki binciken, kuma sukar tana da tushe: kwatanta kafin da bayan sauyi ne kawai, watannin da aka duba bayan sauyin kaɗan ne, kuma wasu abubuwa na iya canjawa a daidai lokacin. Amma shekara guda bayan haka asibitin yara na Seattle, wanda ya kafa manhajar kamfani ɗaya da ta Pittsburgh, ya buga nasa sakamakon, mace-mace ba su ƙaru ba. Su sun tanadi jerin umarnin gaggawa tun kafin a fara, sun kuma bar ƙofar rubuta magani kafin majinyaci ya iso. Daga nan masana suka fara jaddada cewa abin da ake gwadawa ba manhaja ita kaɗai ba ce, har da tsarin aikin da aka gina a kewayenta. Ƙwayar magani ɗaya ce a Kano da Landan. Manhaja kuwa ta fi kama da iri, wanda yabanyarsa ke bin ƙasar da aka shuka shi da manomin da ya kula da shi.

Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike 257 ya ƙara fito da wani giɓi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na binciken daga cibiyoyi huɗu kacal suka fito, waɗanda suka gina manhajojinsu da hannunsu cikin shekaru masu yawa. Guda 9 ne kawai suka auna irin manyan manhajojin kasuwa da sauran asibitoci za su saya. Ke nan hujjar da aka dogara da ita daga wani irin asibiti take, masu sayen kuma wani iri ne daban.

## Alkawari da abin da aka gani

Gwamnatoci ba su jira an warware wannan ba. A 2005 cibiyar bincike ta RAND ta ƙiyasta cewa kundin kwamfuta zai iya rage wa Amurka kashe dala biliyan 81 a shekara, kuma kamfanonin da ke sayar da manhajojin na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. A 2009 gwamnatin Obama ta sa hannu a dokar da ta zuba dubban miliyoyin daloli don asibitoci su koma kwamfuta. Ta fuskar yaɗuwa an yi nasara: asibitocin da ke da kundin kwamfuta sun tashi daga ƙasa da kashi 10 cikin 100 a 2008 zuwa kashi 96 a 2021. Amma a 2013 masanan RAND ɗin da kansu suka rubuta cewa rarar kuɗin da aka yi hasashe ba ta samu ba, musamman saboda manhajojin asibitoci daban-daban ba sa musayar bayanai. Wani bincike na 2016 da ya bi likitoci da agogo ya gano cewa duk awa ɗaya da suka yi da marasa lafiya, suna ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur.

Ingila kuwa ta fara wani katafaren shiri a 2002 na haɗa kundin marasa lafiyarta wuri ɗaya, aka rushe shi a 2011 bayan ya laƙume kusan fam biliyan 10.

## Zamanin ƙirƙirarriyar basira

Tsohuwar matsalar ce ta dawo da sabuwar riga. Misalin da aka fi kawowa shi ne na manhajar kamfanin Epic mai hasashen cutar da ke faruwa idan ƙwayoyin cuta suka rikita jiki gaba ɗaya har gaɓoɓi su fara gazawa, wadda likitoci ke kira sefsis. Cuta ce da jinkirin 'yan awoyi ke iya kai mutum kabari, don haka ɗaruruwan asibitocin Amurka suka kunna manhajar. Sai a 2021 masanan Jami'ar Michigan suka auna ta da kansu a kan kwanciyar asibiti 38,455. Akwai ma'aunin da ake amfani da shi wanda 0.5 ke nufin zato kawai, 1 kuma ke nufin babu kuskure. Kamfanin ya ce manhajarsa na tsakanin 0.76 da 0.83, masanan Michigan suka samu 0.63. Ta kasa gano kashi 67 cikin 100 na masu cutar, alhali ta buga ƙararrawa a kan kashi 18 cikin 100 na duk waɗanda aka kwantar. Ƙararrawar da ke yawan bugawa a banza kuwa, ma'aikata sukan daina kula ta, har ranar da za ta faɗi gaskiya. Kamfanin ya musanta yadda aka yi awon, daga baya kuma ya sake fasalin manhajar.

Wannan ba ya nufin hasashen sefsis ta kwamfuta ba ya yiwuwa. A 2022 masanan Jami'ar Johns Hopkins suka buga sakamakon tasu manhajar a asibitoci biyar, inda marasa lafiyar da likita ya duba gargaɗinsu cikin awa uku suka fi tsira. Sai dai ba gwajin ƙuri'a ba ne, kuma mai yiwuwa likitan da ya amsa gargaɗi da wuri dama shi ne wanda aiki bai yi wa yawa ba a ranar.

Lokacin annobar korona ya nuna yadda gaggawa ke lalata bincike. Wasu masana a Jami'ar Cambridge sun tattara rubuce-rubuce 2,212 a kan gano cutar ta hoton ƙirji, suka tace suka rage 62, suka kuma yanke cewa babu ko ɗaya da ya cancanci a yi aiki da shi a asibiti. Wasu masu binciken sun yi amfani da hotunan ƙananan yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar a matsayin misalin waɗanda ba su da korona, hotunan masu cutar kuma na manya ne. Manhaja ba ta san me ake nema ba, bambancin da ya fi sauƙin gani take kamawa, sai ta koyi rarrabe yaro da babba. Tun a 2018 wani bincike a New York ya nuna makamancin haka: manhajar gano ciwon huhu ta koyi gane asibitin da aka ɗauki hoton, tana dogaro da hakan wajen hasashe, da aka kai ta wani asibiti sai ƙwazonta ya ragu.

A ɗaya ɓangaren, akwai gwajin da aka yi yadda ya kamata kuma ya ba da sakamako mai kyau. A Sweden an raba mata sama da 80,000 gida biyu ta ƙuri'a wajen duba hoton mama don gano cutar daji. Rukuni ɗaya likitoci biyu ne ke karanta kowane hoto kamar yadda aka saba, ɗayan kuma manhaja ce ke fara tacewa ta taimaka wa likita. Sakamakon farko da aka buga a 2023 ya nuna an gano masu cutar 244 a rukunin manhaja, 203 a ɗayan, ba tare da ƙaruwar tsoratar da masu lafiya ba, kuma aikin karanta hotuna ya ragu da kashi 44 cikin 100. A lura cewa a nan an ba manhajar aiki ƙwaya ɗaya ne mai iyaka, a cikin tsarin da dama yake tafiya daidai.

Manhajojin hira irin su ChatGPT su ne suka fi jan hankalin jama'a yanzu. Wani ƙaramin gwajin ƙuri'a da aka buga a 2024 ya bai wa likitoci 50 a Amurka labaran marasa lafiya a rubuce don su gano cutar. Waɗanda aka ba su manhajar sun ci kashi 76 cikin 100, waɗanda suka yi amfani da hanyoyin da suka saba sun ci 74, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Manhajar ita kaɗai kuma ta ci kusan 92. Masu goyon baya suka riƙe lamba ta ƙarshe, masu shakka suka riƙe biyun farko. Abin da duka ɓangarorin kan tsallake shi ne an riga an tsara labarin majinyacin tsaf a takarda. A asibiti kuwa, rabin aikin likita shi ne tono wannan labarin daga bakin mutumin da abin da zai ce kawai shi ne jikinsa ba daɗi.

## Bayanan wa aka koyar da ita

A 2019 mujallar Science ta buga binciken Ziad Obermeyer da abokan aikinsa a kan wata manhaja da ake amfani da irinta wajen zaɓen marasa lafiyar da ke buƙatar ƙarin kulawa a Amurka. Ba a sa launin fata cikin abubuwan da take dubawa ba, amma duk da haka tana fifita farare. Dalilin shi ne an koya mata ta ɗauki yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa. Baƙaƙen fata kuwa, saboda talauci da wahalar samun asibiti, ana kashe musu kuɗi ƙasa da farare masu irin ciwonsu. Masu binciken sun lissafa cewa gyara wannan zai ɗaga kason baƙaƙen fata da ake zaɓa daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100.

Darasin ya shafi kowace ƙasa. Manhajar da aka horar da bayanan babban asibitin koyarwa ta san mutanen da suka iya kai kansu can ne kawai. Wanda ya tsaya a kemis, ko wadda ta haihu a gida, ba sa cikin lissafinta.

## Abin da binciken Afirka ya nuna

A nahiyar Afirka wayar hannu ce ta fi ɗaukar hankalin masu bincike. A 2010 mujallar Lancet ta buga gwajin ƙuri'a daga Kenya a kan mutum 538 masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Kowane mako ana tura wa rabinsu gajeren saƙon tes ana tambayar lafiyarsu. Wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru har kwana biyu, nas za ta kira shi. Bayan shekara, kashi 62 cikin 100 na masu samun saƙo suna shan magani yadda ya kamata, a ɗayan rukunin kashi 50. Bayan shekara biyu aka buga wani gwajin daga Yawunde a Kamaru a kan mutum 200, inda ake tura saƙon ƙarfafa gwiwa mako-mako na tsawon wata shida, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Masana da dama sun karkata ga cewa abin da ya yi aiki a Kenya shi ne sanin cewa akwai mutum a ɗaya gefen da zai kira idan an yi shiru.

Matsala ta biyu ita ce yawan ƙananan shirye-shiryen gwaji da ke mutuwa da zarar tallafin masu ba da agaji ya ƙare. Abin ya yi ƙamari a Uganda har ma'aikatar lafiyarta ta dakatar da sababbin shirye-shiryen lafiya ta waya a 2012, saboda kowace ƙungiya da tata manhajar, babu mai magana da wata.

Abubuwan da suka ɗore su ne waɗanda ba a cika yi musu talla ba. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke kula da ita kuma asalinta daga wani aikin bincike ne a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, ita ce rumbun alƙaluman lafiya a ƙasashe sama da 70, ciki har da Najeriya, Nijar da Ghana. Amma a duba yadda bayanin ke isa cikinta. A ƙaramin asibitin ƙauye, ma'aikaciya na cike manyan rajistoci da biro: na awon ciki daban, na rigakafi daban, na marasa lafiyar da ke zuwa su koma daban. Ƙarshen wata ta ƙirga ta cike fom, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in alƙaluma ya shigar a kwamfuta. Idan ita kaɗai ce a bakin aiki ranar kasuwa, ga mai naƙuda ga layin allura, rajista ce za ta jira. Jadawalin da ke fitowa a allon ma'aikatar lafiya a Abuja ba zai fi wannan rajistar inganci ba, shi ya sa wani babban sashe na binciken da ake yi a kan DHIS2 a kan ingancin bayanan yake.

Akwai kuma SORMAS, manhajar bibiyar annoba da aka ƙirƙira bayan ɓullar Ebola a 2014, da haɗin gwiwar masanan cibiyar Helmholtz ta Jamus da jami'an lafiyar Najeriya. An gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015, aka yi aiki da ita lokacin ƙyandar biri a 2017, sannan da korona ta zo ofisoshin lafiya a Jamus ma suka ɗauke ta. A yaƙi da shan inna kuma, an zana taswirar garuruwa da rugage a arewacin Najeriya da hotunan tauraron ɗan'adam, aka bai wa masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, sai aka gano matsugunan da ba a taɓa sa su a tsarin zagaye ba. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020. Amma babu binciken da zai iya ware kason taswira daga kason sarakuna, malamai da matan da suka bi gida-gida, domin duk a lokaci ɗaya suka yi aiki.

## Inda masana suka rabu

Ɓangare ɗaya na cewa a bi da manhaja kamar yadda ake bi da magani: kada a sa ta a jikin marasa lafiya sai an yi gwajin ƙuri'a, kuma waɗanda ba su da hannun jari a kamfanin ne za su yi awon. Hujjarsu ita ce Pittsburgh da Michigan. A wurinsu, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ɗaya ɓangaren na cewa gwajin ƙuri'a yana cin shekara uku zuwa biyar, kafin a buga sakamako an sabunta manhajar sau da yawa, abin da aka auna ma babu shi a kasuwa. Suna ƙara da cewa a ƙasashe masu ƙarancin likitoci bai dace a kwatanta manhaja da ƙwararren likita ba, domin a yawancin ƙauyuka babu shi, abin kwatancen shi ne babu kowa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma tana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Sai dai hukumar ta nemi kowace ƙasa ta daidaita ma'aunin manhajar da yanayin jama'arta, wanda shi ma bincike ne da sai an yi shi a gida. A jagorar da ta fitar a 2019 kuma ta faɗa ƙarara cewa fasahar zamani ba za ta maye gurbin tsarin lafiya mai aiki ba.

Wuri ɗaya da ɓangarorin suka haɗu shi ne buƙatar ci gaba da awo bayan an kafa manhaja, saboda ƙwazonta kan ragu idan an canja injin ɗaukar hoto, ko irin marasa lafiyar da ke zuwa ya sauya.

## Yadda abin zai shafi majinyaci

Amfanin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne na yau da kullum: fayil ba ya ɓacewa, mai ba da magani ba ya fama da rubutun likita, sakamakon gwaji na isa da wuri, ana tuna wa uwa ranar rigakafin ɗanta. Kishiyarsa kuma, asibitin da ya jingina komai a kan kwamfuta yakan tsaya cik idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, sai fa in an tanadi sola da hanyar komawa takarda. Ko a Ingila, harin da aka kai wa kwamfutoci a watan Mayun 2017 ya sa an soke ganin likita kusan 19,000. Ganin likita ta waya na rage kuɗin mota, amma yana buƙatar waya, data da iya karatu, kuma a gidaje da yawa wayar a hannun maigida take, wanda ke nufin saƙon da ya shafi lafiyar mace na iya faɗawa idon da ba nata ba.

Sannan gano cuta daban, magance ta daban. Idan manhaja ta nuna wa mai ciwon sukari cewa idonsa na cikin haɗari, amma likitan ido mafi kusa na nesa kuma kuɗin aiki ya fi ƙarfinsa, ba a kai ga amsa tambaya ta uku ba.

Batun sirri shi ne na ƙarshe, kuma shi ne wanda bincike kansa ke haifarwa, tunda ba a horar da manhaja sai da bayanan marasa lafiya. A 2017 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta yanke cewa asibitin Royal Free na Landan ya saɓa doka da ya miƙa wa kamfanin DeepMind bayanan mutum kusan miliyan 1.6 ba tare da an sanar da su yadda ya kamata ba, duk da cewa manufar ita ce gina manhajar gano ciwon ƙoda. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kafa hukumar da za a kai wa ƙorafi. Duk binciken da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da shi. Wanda aka nemi ya shiga bincike yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, ya san wa zai ga bayanansa da inda za a ajiye su, kuma yana iya ƙi ko ya janye daga baya ba tare da hakan ya taɓa kulawar da asibitin ke ba shi ba.